Gashin Kanti na Maza: Abin da Madubin Shagon Aski Ba Ya Nuna Maka

Duk namijin da ya fara tunanin sa gashin kanti don ya rufe sanƙo ko tabo, tambaya biyu yake fara yi: nawa ne, kuma ba zai faɗo a cikin jama'a ba? Ni ma su na yi ta yi. Sai da na shiga harkar tsundum na gane cewa kuɗi da gam masu sauƙi ne, haske shi ne alƙalin. Gashin da ya zauna daram a madubin shago, shi ne dai zai tona ka a farfajiyar masallaci da azahar, ko a hoton biki da aka ɗauka da filas. Ba wanda ya gaya mini haka kafin in zuba kuɗina, shi ya sa zan faɗi yadda abin ya gudana tun daga farko, ko wani ya huta da wahalar da na sha.

Ina da tabon ƙuna tun ina yaro, ruwan zafi ne ya zubo mini daga maɗiga ya gangara gefen dama. Shekaru da yawa sumar da ke kewaye da wurin tana rufe shi. Da na haura talatin sai sanƙo ya taso daga goshi ya je ya haɗe da tabon, rufin asirin ya ƙare. A gida Kano wannan ba abin damuwa ba ne, ka ɗora zannarka ka fita, ba mai sanin abin da ke ƙasa. Amma ina aiki ne a teburin karɓar baƙi na wani otal a Abuja, kwat ake sawa, kai ba hula. Na gwada ƙwal-kwabo, sai tabon ya fito fili yana sheƙi, baƙo yana yi maka magana idonsa na kan kanka.

Wurin likitan fata na fara zuwa. A asibitin gwamnatin da na je, sai ka yanki kati, ka ga likitan da ke duba kowace irin cuta, shi zai rubuta maka takardar turawa sashen fata, can kuma su ba ka rana. Ranar da aka ba ni na yi sammako, duk da haka sai bayan azahar aka kira ni. Likitar, wata dattijuwa mai haƙuri, ta duba kan da gilashin ƙara girma, ta raba mini matsalar gida biyu. Sanƙon gaba na gado ne, ana iya rage gudunsa da minoxidil na shafawa ko ƙwayar finasteride, amma sai an ɗore, in ka daina sai gashin da maganin ya riƙe ya zube, sanƙon ya ci gaba. Tabon kuwa saiwar gashin ta mutu, babu maganin da zai tsiro da ita. Na tambaye ta dashen gashi irin wanda mutane ke zuwa Turkiyya yi, ta ce ana yi a kan tabo, sai dai jini ba ya gudana a nan kamar a lafiyayyar fata, don haka dashen bai cika kamawa sosai ba, kuma gashin ƙeyata ba zai wadatar da fili mai faɗin nawa ba. Da na kawo maganar gashin kanti ba ta yi dariya ba, wanda hakan ya kwantar mini da hankali. Abu ɗaya ta ja mini kunne a kai: duk gam ko salatif ɗin da za a manna mini, in fara ɗiga shi a bayan kunne in bar shi awa 24, in ya yi ja ko ƙaiƙayi kada ya hau kan tabon, domin fatar tabo siririya ce.

Daga nan sai wurin malaminmu na unguwa, lokacin da na je gida hutu. Wannan matakin ban ga yadda musulmi zai tsallake shi ba. Bayan sallar magariba na matsa kusa na ce, "Allah gafarta malam, ina da tambaya, amma ta kunya ce." Na cire hula ya gani. Ya karanto mini hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim wanda ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake yi wa, ya ce magana ce mai nauyi, kuma malamai sun fi tsanantawa in gashin na mutum ne. Sannan ya ce akwai malaman da suka bambanta ado da gusar da aibi, suna kafa hujja da sahabi Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin sa na zinare. Ya ce ƙuna irin tawa tana shiga wannan babin a wurinsu. Amma ya kafa mini sharaɗi: a mazhabarmu ta Malikiyya shafar kai gaba ɗaya farilla ce a alwala, a wankan janaba kuma dole ruwa ya kai ga fata. "To ka ga, ɗana, abin da za a liƙe maka wata guda ba a cire ba, ba naka ba ne." Ni dai na ɗauki fatawar masu sauƙaƙawa saboda tabon, kowa kuma ya tambayi malaminsa. Wannan zaman shi ya yanke mini hukuncin cewa salatif mai fuska biyu zan yi amfani da shi, irin wanda ake ɗagawa a mayar, ba gam mai kwana da kwanaki ba.

Shagon farko a intanet na gan shi, hotunan kafin da bayan aiki gwanin sha'awa. Na biya rabin kuɗi aka ba ni rana. Wuri ne mai sanyin na'ura, ba taga ko ɗaya, gaban kowace kujera an kafa fitilar nan mai zobe da masu ɗaukar bidiyo ke amfani da ita. Mai shagon ya buɗe durowa ya zaro gashi ɗaya a leda, ɗinkakke tun daga kamfani, inci 8 a faɗi, 10 a tsawo, wanda shi ne girman da aka saba sayarwa ana ragewa. Gindinsa raga ce siririya mai launin fatar Bature, an ƙulla gashin a jikinta sili-sili. Na tambayi launi, ya ce, "Oga, baƙi ne mana, lamba 1, ai kai baƙin gashi gare ka." Ya aske tsakiyar kan, ya goge da sifirit, ya shafa wani ruwa mai kare fata, ya jera salatif a kewaye. A goshi ya dage sai ya ɗan sa farin gam don bakin ya kwanta, na bari. Ya ɗora, ya danna da bayan mataji, ya yi aski ya gyara, sannan ya fesa wani baƙin fenti a layin goshi ya fitar da shi tsaf kamar da rula. Gashin da aikin duka sun ci kusan dala 200 a canjin lokacin. Da ya juyo da ni gaban madubi, wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Fuskar da na baro shekaru goma baya ce take kallona.

Murnar ba ta kai bakin titi ba. Na fito ana tsakar rana, na shiga tasi, na hango kaina a madubin direba. Saman kan baƙi wuluk har yana ɗaukar shuɗi-shuɗi, gashina na gefe kuwa, wanda duk rayuwata nake kira baƙi, ashe ruwan ƙasa ne mai duhu, ga furfura jefi-jefi a saje. Tsakaninsu layi ya fito kamar an zana. Washegari a lif na wurin aiki, inda fitila take saman kai daidai, sai ga wani abu daban: gashin yana ƙyalli, ya taso ya yi tudu, ya jefa inuwa a goshi. Kafin la'asar gumi ya jiƙa gam ɗin gaba ya koma fari. A ƙarshen makon aka yi walimar ɗan'uwa, mai hoto ya haska mu da filas, da aka turo hotunan sai ga bakin ragar ya fito fari-fari, ya zagaye goshina. Babbar yayata ta kira ni gefe ta ce, "Kai ƙanena, wannan abin da ka ɗora, a ɗaki ya yi maka kyau, amma ka riƙa sa hula in za ka fito." Ta fi kowa gaskiya a ranar.

Da na zauna na yi nazari, sai na ga kowane haske da irin asirin da yake tonawa. Rana tana tona launi. Fitilar sama tana tona cika da ƙyalli. Filas yana tona bakin raga da duk abin da aka shafa a kansa. Fitilar zobe ta shago kuwa ba ta tona komai, domin daga gaba take haskowa, tana kashe inuwa, shi ya sa masu tallar kwalliya suke sonta. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan: wadda za ta sayi shadda a Kantin Kwari ba ta yarda da launin da ta gani a cikin shago, sai ta ja bakin yadin zuwa ƙofa ta duba a rana.

Ban yar da na farkon ba, na mai da shi abin koyon hannu. Ƙyallin shi ya fi saurin magani. Gashin da ake sayarwa an wanke shi da sinadarai, an rina, an shafe shi da silikon don ya yi santsi a hannun mai saye, wannan rufin ne ke ɗaukar ido. Da na wanke shi 'yan lokuta da sabulun gashi mai laushi, na daina shafa masa man da aka sayar mini a shagon, sai ya dushe ya fara kama da gashin mutane. Ragar kuma na kifa ta, na fesa mata rinin raga mai launin ruwan ƙasa daga ciki, irin wanda mata masu sa wig suke saye, na busar, na gwada a fatar goshi, na ƙara har ta ɓace. Wasu da ruwan baƙin shayi mai kauri suke rina ta, yana yi, sai dai yana fita da wanki. Wani ya ba ni shawarar in riƙa bi da hoda a bakin. A ido ta yi daidai, amma a filas sai ta ƙara haske, domin yawancin hodar da man kariya daga rana suna ɗauke da farin sinadari mai mayar da haske cikin kyamara. Salatif ma ashe iri-iri ne. Akwai mai sheƙi da ke leƙowa ta ƙasan raga in rana ta doke shi, akwai wanda aka dusar da fuskarsa musamman don layin gaba. Kamfanin Walker Tape na Amurka yana da ɗaya mai suna No-Shine, shi na koma sawa a goshi. Fentin layi kuwa tun ranar da ya ɓata mini darduma da cikin hula na sallame shi. Abin da ya gagara shi ne launin gashin da cikarsa. Baƙin lamba 1 ba ya komawa baya cikin sauƙi, kuma gashin ya yi wa mai shekaruna yawa.

Saboda haka na yanke shawarar a ɗinka mini nawa daga kamfani. Yawancin masu wannan sana'a a ƙasar Sin suke, musamman birnin Qingdao, kuma suna karɓar oda ta intanet. Abu biyu suke nema ka aika musu: ma'aunin kai da samfurin gashi. Ma'aunin matata ce ta yi mini a tsakar gida. Ta shimfiɗa ledar naɗe abinci a kaina, na riƙe bakinta a ƙasan haɓa ta ɗame, ta zana iyakar sanƙon da tabon da alƙalami mai tawada, ta sa kibiya inda gashi yake kwanciya da inda yake juyawa a maɗiga, ta rubuta gaba da baya, sannan ta bi da farin salatif layi bisa layi har ledar ta yi tauri ta ɗauki siffar kan. Wurin layin goshi muka fi daɗewa. Ƙa'idar da ake bi ita ce ka ɗora yatsu huɗu a saman gira, inda na sama ya tsaya nan ne farkon gashi. Na so ta sauko da shi ƙasa kaɗan, ta ce, "Abban yara, kai ba saurayi ba ne, bar shi inda Allah ya bar wa sa'anninka." Har ta ɗan shigar da kusurwoyin biyu ciki, yadda goshin magidanci yake. Samfurin gashin kuma na bar suma ta taru, muka yanko daga gefe da ƙeya, kowanne a ledarsa da rubutu, domin launinsu ba ɗaya ba ne.

Takardar odar tana da tambayoyin da shagon farko bai taɓa yi mini ba. Launi na zaɓi 1B, baƙin da ya ɗan sirka da ruwan ƙasa, wanda shi ya fi kusa da gashin yawancinmu, na ce su gwada da samfurin. Furfura na nemi kashi 10 cikin 100 a gefe da gaba, ta roba, domin in an zo sake rina gashin daga baya furfurar roba ba ta kama rini, tana nan fara. Cika suna auna ta ne da kashi, 100 matsakaiciya mai sauƙi, lambar tana hawa kaurin yana ƙaruwa. Na nemi 90, kuma layin gaba ya fara da sili ɗaiɗai ya riƙa ƙaruwa, yadda fata za ta riƙa ɗan leƙowa. Murɗin gashi da milimita ake faɗarsa, 4 shi ne mai ƙanƙancewa sosai, 6 ya ɗan saki, ni 6 ya dace da nawa. Gindi kuwa akwai raga zalla, mai shan iska amma mai saurin yagewa in kana yawan cirewa, akwai kuma na roba siririya mai kamar fata, daga milimita 0.03 zuwa sama, wanda ke riƙe gumi kuma yana sheƙi a ƙasan gashi mara cika. Na haɗa biyun: raga mai launin ruwan ƙasa a gaba da tsakiya, ɗan zoben roba a gefe da baya inda salatif zai riƙa kamawa yana saki. Kuɗin ya kai kusan dala 300, ban da na aika samfurin. Katin bankina na naira bai wuce ba a lokacin, sai wani abokin aiki mai asusun dala ya biya na ba shi canji.

Sun ce mako 6 zuwa 8, kuma ya ɗan haura haka. Mai yin oda ya lura da lokacin sabuwar shekarar Sinawa, wadda ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu, domin masana'antu suna rufewa. Kafin su turo sun aiko mini da hotonsa a kan gunkin roba ƙarƙashin farar fitila. Na roƙi su fita da shi waje su sake ɗauka tare da samfurin gashina a gefe. Suka yi, na ga sun haɗu, na ce su turo. Da ya iso, kamfanin da ya yi dakonsa ya kira ni cewa akwai kuɗin fito da na sarrafa takardu, na biya ta banki, na tura shaidar biya, na je da katin shaida na karɓa. Kwalin bai fi na takalmin yaro ba. Na buɗe shi a cikin mota gabana na faɗuwa, domin in bai yi ba babu mayarwa.

Aski shi ne matakin da ba a gyarawa, gashin nan in an yanke ba ya tsirowa. Wannan karon na nemi wani mai aski da ya saba da aikin, shagonsa kuma yana da ƙofar gilashi mai fuskantar titi. Na ce ya ba ni ƙarfe goma na safe, kuma tun kafin ya taɓa almakashi na gaya masa sharaɗina: zai kashe fitilar zobe, kuma zan riƙa fita waje ina dubawa. Ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, ka sha wuya a wani wuri ke nan." Ya fara yanka da tsawo, na ɗauki ƙaramin madubi na fita bakin titi, na juya wa rana baya, na fuskance ta, na ba ta gefe. A gefen dama na ga inda gashin kantin ya hau kan nawa ya yi baki. Na dawo na nuna masa, ya ɗauki almakashi mai haƙora ya rage cikar wurin, ya bar gashina na gefe da ɗan tsawo a sama, sannan ya bi da kilifa yana sassauto shi zuwa kunne. Hikimar ke nan: in aka kankare gefe har kusa da bakin ragar, ba abin da zai ɓoye mahaɗar. Layin goshi kuwa na hana shi miƙar da shi. Ya sa ɗan hantsaki ya tsinci sili-sili nan da can, ya bar shi da 'yar karkata irin ta halitta. Masu wucewa sun yi ta kallon mutum da mayafin aski a wuya yana juyi a rana, ban damu ba.

Da daddare na yi masa jarrabawa ta biyu a gida. In ka duba kwalin ƙwan lantarki za ka ga lamba da harafin K. Mai 2700 shi ne mai ruwan ɗorawa irin na falon otal, mai 6500 shi ne fari fat na ofis da asibiti, hasken rana tsaka kuma yana wajen 5500. Na sayi na farko da na biyu na riƙa musanya su a banɗaki. A ruwan ɗorawa komai lafiya, wannan hasken mai rufa asiri ne, sai dai yana ƙara fito da ja in gashi ya fara koɗewa. A farin ne ake ganin ƙulle-ƙullen da ke jikin raga kamar ɗigon baƙi. A fatar Bature wannan babbar matsala ce, har sai an dusar da su da sinadari, amma a baƙar fata ba su cika fitowa ba matuƙar launin ragar ya dace. Daga nan matata ta ɗauki waya ta yi mini hoto da filas daga gaba, daga gefe, ta hau kujera ta ɗauka daga sama, ta koma baya kamar taku biyar ta sake. Ta haska tocila daga gefen kunne, wanda shi ke nuna ko bakin ya ɗago, domin ko kaɗan ya tashi sai ya yi inuwa. A nan muka ga kusurwar hagu tana ɗan ɗagawa, na matsar da salatif ɗin ya kai ƙarshen ragar daidai, ba ya leƙowa, bai kuma bar ta tana reto ba. Na kunna kyamarar kwamfuta ma na duba, tunda ana yawan taro ta bidiyo. Ita ba ta da ido sosai, muddin taga ba ta bayanka.

Sai aka shiga zaman yau da gobe, inda yanayi yake nasa aikin. Ina sawa da safe bayan na yi alwala. In ta warware a wurin aiki, na shiga banɗakin ma'aikata, in ɗaga shi daga baya, in yi shafa, in tsane kan da ɗan tawul, in mayar. Na baya da gefe suna sake kamawa, na goshi ne wani lokaci sai an canja, don haka kullum akwai 'yan yanka a walat ɗina. Sujada tana taɓa layin gaba, ƙura tana manne wa bakin salatif ta yi siririn baƙin zare da ake gani a farin haske, sai a goge da auduga da ɗigon sifirit. Da na taso aiki nake cire shi in ɗora hulata, fata ta sha iska. Wanda zai je Umara ko Hajji kuma ya san cewa namiji ba ya rufe kai cikin harami, a jaka zai bar shi.

Bayan 'yan watanni sai launin ya fara juyawa. Gashin da ba shi da saiwa ba ya samun maiƙon fatar kai, rana tana cin rininsa, 1B ya koma ja-ja. A ɗaki ba ka gani, a rana ko ƙarƙashin ƙwai mai ruwan ɗorawa yake bayyana, kuma daga maɗiga yake farawa, inda kai ba ka iya hangowa. Matata ce take duba mini duk ranar Juma'a kafin in fita. In ya fara, akwai sabulun gashi mai launin shuɗi da ke kashe jan, in ya yi nisa kuma mai askina yana sake rina shi da buroshi a hankali, ba tare da rinin ya taɓa ragar ba, don in ya taɓa ta baƙi za ta yi har abada. Hunturu yana busar da shi ya yi kaushi ya koma toka-toka, sai ana fesa masa ruwa da ɗan man laushi mara maiƙo kowace safiya. Man kaɗanya da na zaitun ban ba da shawara ba, suna dawo da ƙyalli kuma suna narkar da salatif. A bazara gumi ne abokin gaba, wanda ke zaune inda zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu ya nisanci gindin roba zalla. Hula kuma, musamman zanna da ta sha sitati, tana goge gashin tana tsinka shi, in dole ne ka ɗora ta a kansa, ka sa tela ya ɗinka mata shafi mai santsi a ciki. Mai murɗi irin namu ya fi miƙaƙƙe saurin lalacewa, domin miƙaƙƙen gashi ne aka murɗa shi da sinadari. Nawa ya yi kusan wata biyar kafin ya fara zubewa a gaba.

Wanda zai fara yanzu, ga abin da zan ce masa. Kada ka zaɓi launi a cikin shago ko a fuskar waya, ka fita da gashin waje ka kara shi da na gefen kanka kafin a yanka masa komai, domin da zarar an taɓa shi da almakashi ya zama naka. In kana shakka tsakanin launi biyu ɗauki mai ɗan haske, ana iya ƙara masa duhu, amma ba a rage wa baƙi. In kana shakka tsakanin cika biyu ɗauki mara yawa, gashi mai ɗan shara-shara ba wanda yake zarginsa. Ka dubi shekarunka da furfurar gemunka, kai baƙi sidik a saman gemu mai fari ko a duhu ba ya shiga. Ka tanadi kuɗin salatif, sifirit, ruwan cire gam da askin gefe duk mako biyu, domin gashinka yana tsirowa, na kanti yana tsaye, in ka yi jinkiri mahaɗar ta fito. Kuma ka yi odar na biyu tun na farko yana da sauran rai, saboda watanni biyun jira.

Akwai hasken da har yanzu ban ci galaba a kansa ba: ranar la'asar sakaliya in ta bugo daga bayana, mutum kuma yana tsaye dab da ni. A nan gefen gashin kanti yakan ɗauki wani ja-ja da nawa ba ya ɗauka, mai lura zai gani. A oda ta gaba na roƙi kamfanin su cakuɗa launi biyu, 1B da lamba 2, wato ruwan ƙasa mai duhu sosai, maimakon ɗaya zalla, su kuma ƙara furfurar gefe zuwa kashi 15, tunda tawa ba ta tsaya jirana ba.